Yadda Talakawan Rasha Suka Kawo Ƙarshen Sarautar Shekara 304

Gabatarwa

A shekarar 1913 gidan sarautar Romanof na ƙasar Rasha ya yi gagarumin bikin cika shekara 300 a kan gadon mulki. An yi addu'o'i a coci-coci, an yi jerin gwano a manyan birane, sarki da iyalinsa suka shiga jirgin ruwa suka bi kogin Bolga har garin Kostroma, inda aka je aka kirawo kakansu Mikha'il ya karɓi sarauta a 1613. Duk wanda ya ga cincirindon jama'ar da suka fito tarbarsu zai rantse cewa gidan nan zai ƙara wasu shekaru 300 ɗin. Amma shekara huɗu kacal bayan haka sarkin ya sa hannu a takardar murabus a cikin taragon jirgin ƙasa, aka kuma rasa wanda zai fito ya kare masa karagarsa. A wannan maƙala ina so in bi da 'yan uwana ɗalibai ta hanyar da ta kai ga wannan faɗuwa. Da yake mu ɗaliban harshe ne, zan riƙa tsayawa nan da can a kan wasu kalmomi, domin rikicin ya bar tabonsa a harshen Rashanci kamar yadda ya bari a siyasa.

Ga 'yar matashiya kafin mu shiga. A wancan lokaci Rasha tana amfani da tsohuwar kalanda wadda take bayan ta sauran Turai da kwana 13. Shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Fabrairu ya faɗo a watan Maris a lissafin da muka sani, na Oktoba kuma ya faɗo a Nuwamba. Ranakun da zan kawo na tsohuwar kalandar ne, sai inda na faɗi saɓanin haka.

Sarki da Talakawansa

Sarkin Rasha ana ce masa "Tsar". Asalin kalmar shi ne sunan Ƙaisar na Rum, wato kalmar nan da ta iso mana ta hanyar Larabci ita ce ta isa wa Rashawa ta wata hanyar. Tun 1721 laƙabinsa a hukumance ya koma "Imperator", amma talaka bai daina cewa Tsar ba, har yakan haɗa da kalmar "batyushka", wato baba. Tunanin talakan ƙauye shi ne sarki uba ne mai tausayi, fadawa da ma'aikata ne ke ɓoye masa halin da ake ciki. Mai karatu ya riƙe wannan, domin ranar da wannan tunani ya mutu ita ce ranar da sarautar ta fara ciwon ajali.

Nikolas na Biyu ya hau mulki a 1894 yana da shekara 26. Mutum ne mai ladabi da son iyalinsa, amma ya gaji aƙidar cewa mulkinsa amana ce daga Allah, ba shi da ikon raba ta da kowa. Yana yaro ya ga kakansa Alizanda na Biyu kwance cikin jini bayan 'yan ta-kife sun jefa masa bam a 1881, wannan kuwa shi ne sarkin da ya 'yanta bayin gona. Darasin da gidan ya ɗauka shi ne sassauci ba ya jawo komai sai raini. Tun lokacin bikin naɗinsa a 1896 aka fara yi masa camfi: a filin Kodinka na birnin Mosko jama'a suka yi turmutsutsu wajen karɓar kyautar kofi da abinci, mutum 1,389 suka mutu a lissafin gwamnati, shi kuwa da daren nan ya halarci liyafar rawa a gidan jakadan Faransa.

Ƙidayar 1897 ta nuna daular na da mutane kimanin miliyan 125. Fiye da kashi uku cikin huɗu manoman ƙauye ne, waɗanda suka iya karatu da rubutu kuwa ba su wuce kashi 21 cikin ɗari ba. An ce da aka kawo wa sarki takardar ƙidayar, a gurbin sana'a sai ya rubuta cewa shi ne mai ƙasar Rasha. Gaskiya ne an 'yanta bayin gona fiye da miliyan 20 a 1861, amma an ɗora musu biyan kuɗin fansar gonakin da aka ba su har tsawon shekara 49, ga gonakin ba su isa ba, ga iyali na ƙaruwa. Manomi yana kallon makekiyar gonar tsohon ubangidansa a gefen ɗan fegin da yake nomawa, a ransa kuwa ƙasa ta mai noma ta ce. A birane kuma masana'antu sun bunƙasa cikin gaggawa, 'yan ƙauye suka kwararo Petersburg da Mosko suna kwana a cunkushe. Dokar da aka yi a 1897 don sauƙaƙa musu ta ƙayyade aikin yini a kan awa 11 da rabi, yajin aiki kuwa laifi ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Waɗanda Rashanci ne harshensu na uwa kashi 44 ne kawai cikin ɗari na mutanen daular. Gwamnati ta ɗauki manufar cusa wa saura harshen da ƙarfi. A 1876 aka hana buga littattafai da harshen Yukiren. Daga 1864 zuwa 1904 aka hana mutanen Lituweniya buga harshensu da baƙaƙen boko, sai dai da na Rashanci, har wasu suka mai da fasa-ƙwaurin littattafai daga ƙasar Jamus aikinsu, wanda aka kama kuwa yana iya ƙarewa a Saberiya. Yahudawa an killace su a yankunan yamma, ana kai musu hare-haren gayya irin na Kishinef a 1903, daga nan ne ma kalmar Rashanci "pogrom" ta shiga harsunan duniya.

Lahadin Jini da Borin 1905

A ƙarshen Janairun 1904 yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Japan a kan Manchuriya da Koriya. Fadawa sun raina Japan, ashe ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tashar jiragen ruwa ta Port Arthur ta faɗi, sannan rundunar jiragen yaƙin da ta taso tun daga tekun Baltik, ta shafe wata bakwai tana tafiya, aka ragargaza ta cikin kwana biyu a mashigin Tsushima a watan Mayu 1905.

Ana cikin wannan yaƙi ne aka kori ma'aikata huɗu daga masana'antar ƙarafa ta Putilof a Petersburg. Yajin aiki ya bazu. Wani limamin coci mai suna Gapon, wanda ke jagorantar wata ƙungiyar ma'aikata da 'yan sanda kansu suka amince da ita, ya ba da shawarar a kai wa sarki koke hannu da hannu. Takardar koken an rubuta ta da harshen ƙanƙan da kai, irin na 'ya'ya a gaban mahaifi, amma abin da ke cikinta babba ne: aikin awa 8, 'yancin magana, da majalisar da jama'a za su zaɓa. Ranar Lahadi 9 ga Janairu 1905 dubun-dubatar mutane suka nufi Fadar Hunturu, maza da mata da yara, cikin kayansu na zuwa coci, suna ɗauke da hotunan waliyyai da na sarkin kansa. Sojoji suka buɗe musu wuta a wurare daban-daban. Gwamnati ta ce mutum 130 suka mutu, wasu lissafe-lissafen sun fi haka nesa. Sarkin ma ba ya fadar a ranar, yana gidansa na Tsarskoye Selo a bayan gari. Amma wa zai tsaya jin wannan? An je gaida baba, baba ya sa an yi harbi.

Shekarar gaba ɗaya ta zama ta tarzoma. A Fabrairu aka kashe baffan sarki, Yarima Sergei, da bam a Mosko. Manoma suka shiga ƙone gidajen masu gonaki. A watan Yuni ma'aikatan jirgin yaƙin nan Potemkin suka ƙi cin miyar da aka dafa da nama mai tsutsa, rigima ta kaure, suka kashe wasu hafsoshinsu, suka ƙwace jirgin, daga ƙarshe suka miƙa kansu a ƙasar Romaniya. A Oktoba ma'aikatan jirgin ƙasa suka tsaya, komai ya tsaya tare da su.

A wannan shekara ce kalmar "soviet" ta sami sabuwar ma'ana. A Rashanci tana nufin shawara ko majalisar shawara, kalma ce ta yau da kullum. Ma'aikatan masaƙu na garin Ibanobo suka zaɓi wakilai don tafiyar da yajin aikinsu, na Petersburg ma suka yi haka, inda wani matashi mai suna Trotsky ya yi fice. Wannan ƙaramar kalma ce daga baya ta zama sunan ƙasa sukutum, wato Tarayyar Sobiyet. Haka ma "Bolshevik" da "Menshevik": ma'anarsu masu rinjaye da marasa rinjaye, sun samo asali ne daga wata ƙuri'a da aka kaɗa a taron jam'iyyar 'yan gurguzu a Landan a 1903, ɓangaren Lenin ya yi wuf ya riƙe sunan masu rinjaye, ko a lokutan da su ne 'yan tsiraru.

Da tura ta kai bango, minista Sergei Witte ya shawo kan sarki ya fitar da sanarwar 17 ga Oktoba, wadda ta yi alƙawarin 'yancin magana da na taro da kuma majalisar dokoki mai suna "Duma", daga aikatau ɗin da ke nufin yin tunani. Wannan ya raba kan masu bore. Masu sassaucin ra'ayi suka koma gida, waɗanda suka ɗauki makami a Mosko a watan Disamba kuwa aka murƙushe su da igwa.

Majalisar da Sarki Bai So Ba

A ganina nan ne Nikolas ya yi asarar damar da ba ta sake dawowa ba. Da ƙura ta lafa sai ya fara janye da hannun hagu abin da ya bayar da na dama. Tsarin mulkin Afrilu 1906 ya sake jaddada cewa iko mafi girma nasa ne, ministoci a gabansa suke da alhaki, kuma yana iya rushe majalisa duk lokacin da ya so. Duma ta farko kwana 72 ta yi ya sallame ta. Ta biyu ma ba ta wuce 'yan watanni ba, sannan a Yunin 1907 aka sauya dokar zaɓe yadda ƙuri'ar mai gona guda za ta rinjayi ta ɗaruruwan manoma.

Firayim minista Stolypin ya riƙe sanda a hannu ɗaya, gyara a ɗaya. Kotunan soja na gaggawa sun yanke wa fiye da mutum 1,000 hukuncin kisa cikin 'yan watanni, har aka riƙa kiran igiyar rataya da sunan maɗaurin wuyan Stolypin. A ɗaya ɓangaren an soke kuɗin fansar gonaki, an kuma bai wa manomi damar ware gonarsa daga ta gandun ƙauye ta zama mallakinsa. Gyaran na bukatar shekaru masu yawa na zaman lafiya, shi kuwa an harbe shi a gidan wasan kwaikwayo na Kiyef a 1911, sarki na zaune a wurin. A 1912 sojoji suka harbe masu yajin aiki fiye da 150 a mahaƙar zinariya ta kogin Lena, yaje-yajen aiki suka dawo sabo.

Yaƙin Duniya

Da yaƙi ya tashi da Jamus a 1914, kishin ƙasa ya rufe komai na ɗan lokaci. Har sunan babban birnin aka sauya, domin "burg" ta yi ƙamshin Jamusanci, aka koma Petrograd, "grad" kuwa birni ke nan a tsohon harshen Silabawa. Murnar ba ta daɗe ba. A watan Agusta aka halaka runduna guda a Tannenberg, kwamandanta Janar Samsonof ya harbe kansa. A 1915 aka rasa Folan, ƙarancin makamai ya kai ana tura wasu sojoji fagen daga hannu rabbana, su jira ɗan uwansu ya faɗi su ɗauki bindigarsa. Mutum kimanin miliyan 15 aka ɗiba aikin soja a tsawon yaƙin. Gwamnati ta hana sayar da barasa, alhali daga nan take samun kusan rubu'in kuɗin shigarta, sai ta koma buga takardun kuɗi, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A 1916 kuma da aka ce za a ɗebi Musulmin tsakiyar Asiya aikin ƙarfi a bayan fagen daga, Kazak da Kirgiz suka yi bore, aka murƙushe su, dubbai suka mutu a kan duwatsu suna gudu zuwa ƙasar Sin.

Kuskure mafi girma shi ne wanda sarki ya yi a Agustan 1915, lokacin da ya naɗa kansa babban kwamanda ya tare a hedkwatar soja ta Mogilef, duk da roƙon da ministocinsa suka yi masa. Daga ranar duk kashin da aka sha a wuyansa yake. Ya bar harkokin gida a hannun matarsa Alizandira, haifaffiyar Jamus, jikar Sarauniya Biktoriya ta Ingila. Ɗansu namiji tilo, Aleksei, yana da ciwon nan da jini ba ya tsayawa in an ji rauni, an kuma ɓoye wa jama'a wannan. Uwar ta yi imani cewa addu'ar wani baƙauyen Saberiya mai suna Rasputin ce ke ceton yaron, don haka maganarsa ta zama abin ji a fada, har a naɗi da tuɓe ministoci. A cikin 1916 kaɗai mutum huɗu suka riƙe kujerar firayim minista. Jama'a da ba su san sirrin ciwon ba sai suka cike gurbin da jita-jita, wai sarauniya 'yar leƙen asirin Jamus ce. Babu hujjar haka, amma jita-jitar ta yi aikinta. A Nuwamba ɗan majalisa Milyukof ya tsaya a Duma yana lissafa kura-kuran gwamnati, bayan kowanne yana tambaya ko wauta ce ko cin amana. A Disamba wasu 'yan gidan sarauta, ciki har da Yarima Yusupof, suka kashe Rasputin don su ceci karagar, amma ihu ne bayan hari.

Kwana Tara na Fabrairu

Hatsi bai ƙare a Rasha ba. Jiragen ƙasa ne suka gaza, ga jigilar soja, ga tsananin sanyin da ya daskarar da injuna, manoma kuma sun ƙi sayar da amfaninsu da takardar da ba ta sayen komai. Matan Petrograd sukan fito tun tsakar dare su bi layin burodi cikin ƙanƙara, bayan sun yi aikin yini a masaƙa. Ranar 23 ga Fabrairu 1917, wadda ta dace da 8 ga Maris, Ranar Mata ta Duniya, matan masaƙun unguwar Biborg suka ajiye aiki suka fito suna kiran burodi, suna bi masana'anta-masana'anta suna fito da maza. Zuwa ranar 25 masu yajin aiki sun haura 200,000, kiran kuma ya tashi daga burodi ya koma a kawar da mulkin mutum ɗaya. An lura cewa sojojin dawaki na Kosak, waɗanda aka sani da bulala, wannan karon ba su da karsashin dukan kowa.

Daga Mogilef sarki ya bugo wa Janar Kabalof waya cewa ya kawo ƙarshen tarzomar zuwa gobe. Ranar Lahadi 26 ga wata aka yi harbi, mutane da dama suka mutu a dandalin Znamenskaya. Da a 1905 ne, da magana ta ƙare a nan. Amma sojojin da ke barikokin birnin yanzu sabbin ɗauka ne, 'ya'yan manoma, ba sa son a tura su fagen daga, matan da ke kan titi kuwa tamkar iyayensu ne da ƙannensu. Da daren nan sojojin rundunar Bolinski suka kwana suna tattauna abin da aka sa su yi. Da safe suka ƙi bin umarni, aka harbe hafsansu, suka fita suna kiran sauran barikoki. Kafin faɗuwar rana dubun-dubatar sojoji sun koma ɓangaren jama'a, an fasa rumbun makamai, an buɗe gidajen yari. Shugaban Duma, Rodziyanko, ya yi ta aika wa sarki saƙon gaggawa yana roƙon a kafa gwamnatin da jama'a za su yarda da ita, sarkin ya ce shirme ne, ko amsa ba zai bayar ba.

A Fadar Taurida hukuma biyu suka tsiro a rana ɗaya: kwamitin 'yan Duma a ɓangare guda, majalisar wakilan ma'aikata da sojoji a ɗaya ɓangaren. Sarki ya kamo hanyar gida, amma masu bore sun tare layin dogo, aka karkatar da jirginsa zuwa Pskof. Babban hafsan hafsoshi Janar Aleksiyef ya nemi ra'ayin kwamandojin fagen daga, amsoshin suka zo da murya ɗaya cewa sarki ya sauka don a ceci yaƙin. Ranar 2 ga Maris ya yarda ya bar wa ɗansa. Da likita ya tabbatar masa ciwon yaron ba ya warkewa, ga shi za a raba su, sai ya sauya ya bar wa ƙanensa Mikha'il, ya sa hannu da fensir. Washegari Mikha'il ya tambaya ko za a iya lamunce masa ransa, aka kasa ba shi tabbaci, ya ce ba zai karɓa ba sai in majalisar da jama'a suka zaɓa ta ba shi. Da Mikha'il gidan ya fara, da Mikha'il ya rufe.

Abin lura a nan shi ne mutanen da sunansu ya fi fita daga baya ba su cikin wannan. Lenin yana Zurik ta ƙasar Suwizalan, wata guda kafin nan ma ya gaya wa wasu matasa cewa da wuya tsararsa su ga juyin da idonsu. Trotsky yana Amurka, Stalin yana zaman ɗaurin talala a Saberiya. Ni dai abin da na fahimta shi ne mata masu bin layi ne suka fara, ƙananan sojoji suka ƙi harbi, janar-janar kuma suka janye hannunsu.

"Kai" da "Ku"

Ranar 1 ga Maris majalisar wakilan ma'aikata da sojoji ta fitar da Umarni na Ɗaya. Ya ce kowace runduna ta zaɓi kwamiti, makamai su kasance a hannun kwamitin, kuma ba za a bi umarnin 'yan Duma ba in ya saɓa wa na majalisar. Wannan shi ya bar gwamnatin wucin gadi ta Yarima Lubof da ofis ba tare da ƙarfi ba. Amma akwai sakin da ya fi jan hankalina. Rashanci na da wakilin suna "ty" da "vy", kwatankwacin "kai" da "ku" a wurinmu idan ana girmama babba. Hafsa yakan kira soja da "ty", yadda ake kiran yaro ko bara, shi kuwa soja dole ya amsa da doguwar laƙabin girmamawa. Umarnin ya haramta wa hafsoshi kiran soja da "ty", ya kuma soke laƙuban, aka koma cewa malam janar, malam kanar. Ba a ranar aka fara wannan koke ba, domin ko ma'aikatan Lena na 1912 sun sa shi a cikin bukatunsu, kusa da batun albashi da abinci. Mutumin da yunwa ke cinsa ya ga ya dace ya sa wakilin suna a jerin abin da zai yi yaji a kansa.

Kalmomin "ɗan ƙasa" da "abokin gwagwarmaya" suka maye gurbin su ranka-ya-daɗe. Rubutu ma bai tsira ba: gyaran ƙa'idojin rubutu da masana suka daɗe suna shiryawa aka tabbatar da shi a 1918, aka cire wasu baƙaƙe, ciki har da "yat" wanda ya daɗe yana wahalar da 'yan makaranta saboda furucinsa ya zama ɗaya da na wani baƙin. Rashawan da suka yi gudun hijira sun shafe shekaru suna buga jaridunsu da tsohon rubutun don nuna ba su yarda da sabuwar gwamnati ba.

Gwamnatin wucin gadi ta ci gaba da yaƙin, ta kuma jinkirta rabon gonaki, abu biyun da talaka ya fi matsuwa a kansu. Lenin ya dawo a Afrilu ta cikin ƙasar Jamus, ranar 25 ga Oktoba 'yan Bolshevik suka kifar da Kerenski suka karɓi mulki. Shi kuwa Nikolas, ɗan uwansa Sarki Joji na Biyar na Ingila ya sa an janye tayin mafakar da aka yi masa, don gudun abin da ma'aikatan Ingila za su ce. Aka kai iyalin Tobolsk, daga nan Yekaterinbag. A daren 16 wayewar 17 ga Yuli 1918, a sabuwar kalanda, aka saukar da shi da matarsa da 'ya'yansu biyar da likitansu da barori uku zuwa wani ɗaki a ƙasan gidan Ipatiyef aka harbe su. A 1991 aka tono ƙasusuwan tara daga cikinsu a wani daji kusa da garin, a shekarar da birnin da ya zama Leningrad tun 1924 ya koma sunansa na Petersburg. A can aka binne su ranar 17 ga Yuli 1998, Cocin Rasha kuma ta sa su cikin waliyyanta a 2000. Ƙasusuwan Aleksei da na 'yar uwarsa guda sai a 2007 aka gano su, a wani rami daban da ke kusa da na farkon.